Reshen Rumman na Matan Sukutari

Surukata, tsohuwa Prenda, tana da wani ɗinki da ta rantse sai dai a binne ta da shi. Ni kuma Zaneta, matar ɗanta Leka, na fi shekara ashirin a gidan ina kwaɗayin ɗinkin nan kamar yadda mai ciki take kwaɗayin tsami.

Ba wai ban iya allura ba. A tambaya duk unguwarmu ta San Piyero, nan cikin Benis, birnin da hanyoyinsa ruwa ne, ni nake yi wa matan fatake wuyan riga, kuma ba a taɓa dawo mini da aiki ba. Amma nata daban ne. Reshen rumman ne da baƙin alharini a kan farin lilin, yana zagaye bakin hannun riga, ga 'yan tsuntsaye a kan rassan. In ka juya hannun rigar, abin da ka gani a fuska shi za ka gani a baya, babu ƙulli, babu zare ko ɗaya da ya tsallaka. Allurar tana tafiya tana barin gurbi, ta shiga kowane reshe ta fito, in ta kai ƙarshe ta juyo tana cike guraben har ta dawo ramin da ta fara. Wadda ba ta san hanyar ba, za ta shiga reshe ne ta rasa mafita.

Matan Sukutari ne suka tsallako teku da shi, shekarar da garinsu ya faɗa hannun Turkawa. Prenda tana 'yar ƙwaila a lokacin. Ba su fito da komai ba sai rigunan jikinsu da abin da ke cikin kansu, shi ya sa suka riƙe ɗinkin nan gam. Dokarsu ita ce uwa ke koya wa 'yar da ta haifa, a ɗaki, ƙofa a rufe. Ba a koya wa matar ɗa, ba a zana shi a takarda. Da tafiya ta yi tafiya tsofaffin suka ƙare ɗaya bayan ɗaya, har ya zama Prenda kaɗai ta san hanyar daga farko zuwa ƙarshe. Ta koya wa 'yarta Drane, Allah ya jiƙan rai, sai Drane ta tafi wajen haihuwar fari, ita da jaririn.

To, ga idon tsohuwa ya fara yana. Leka ya taɓa yi mata magana muna cin wake da albasa.

"Inna, ki dubi Allah ki koya wa Zaneta. In ba ita ba wa ya rage?"

"Ita 'yar wa ce?"

"Haba Inna."

"Tambayarka na yi. Matarka ce, kuma ba ni da abin cewa a kanta, yarinyar kirki ce. Amma ni ban haife ta ba. Ci wakenka."

Ina zaune a wurin aka yi wannan magana. Na ji zafi ƙwarai, na tashi na shiga wanke tukunyar da na riga na wanke. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ladabinta. Da zagina take yi da na san inda na tsaya, amma kullum sai "sannu, matar Leka", "Allah ya yi albarka, matar Leka", kamar baƙuwar da ta zo kwana biyu.

Ana cikin haka littafi ya shigo lungunmu.

Shekarun nan ne masu buga littattafai suka gano cewa mata ma suna da aljihu. Suka fara sassaƙa zanen ɗinki a katako suna bugawa, ana sayarwa a gindin gadar Riyalto kusa da masu kayan yaji. A shafin farko sai ka ga an zana wasu manyan mata sun zauna a natse suna ɗinki, an rubuta wai don 'yan mata masu kamun kai. Limamin cocinmu ma ya yaba, ya ce hannun da ke riƙe da allura ba ya samun sararin yin ɓarna. Da ma bai taɓa zama da mu a bakin rijiya ya ji abin da baki yake yi ba alhali hannu yana aiki.

Pasketa ce ta samu littafin. Marainiya ce, ubanta mai gyaran komar kamun kifi ne ya rene ta, yarinya siririya mai saurin dariya da saurin kuka. Saurayinta Zef, wanda yake toshe ɓarakar jiragen ruwa da ƙaro tare da mijina, shi ya kawo mata a cikin kayan sa rana. Ranar da ta fito da shi filin rijiya sai ka ce an kawo amarya. Duk cikinmu babu mai iya karanta ko baƙi ɗaya, amma wa ya damu da rubutun? Ga zanen da a da sai kin yi aikatau a gidan masu sarauta kafin ki gan shi, shi ma daga nesa, yau ga shi a cinyar 'yar mai koma.

Kuma mu ba ma ajiye littafi don kallo. Allura ake sa wa, a bi layin zanen ana hudawa tsaf-tsaf, a ɗora shafin a kan yadi, a daddaɓa garin gawayi da aka ƙulle a tsumma. In an ɗaga takardar, ga zanen nan ɗigo-ɗigo a kan lilin. Kafin wata ya mutu littafin Pasketa ya yi baƙi ƙirin, shafi yana gidan wance, shafi yana gidan wance, ana faɗa a kan wa ta riƙe wane.

Ina juya shafukan ne a ranar farko gabana ya faɗi. Ga reshen rumman nan, da tsuntsayensa, babu abin da aka rage.

"Ke Pasketa, wannan fa?"

"Ai saboda shi Zef ya sayi littafin, Yaya Zaneta. Ya ce na mutanen innarsa ne. Shi zan yi a hannun rigar aurena, ta ga ni ma na zama tasu."

Na ce a raina, yarinya kin ɗebo ruwan dafa kanki. Uwar Zef ita ce tsohuwa Mrika, ita ma 'yar Sukutari, kuma duniya ta san ba ta son auren nan. Ita Mrika ba ta iya ɗinkin ba, don uwarta a jirgi ta rasu kafin ta koya mata, amma duk garin babu mai tsare dokarsa irinta.

Yadda zanen ya shiga littafi kuwa ba sai an yi duba ba. Mijin Drane, da zai sake aure, ya kwashe kayanta ya kai wa 'yan gwanjo. Masu zanen littattafan nan kuma can suke yini, suna ɗaga tsofaffin riguna suna kwafa. Na yi niyyar ɓoye wa tsohuwa, na gargaɗi kowa. Amma a lungun da in ka yi atishawa maƙwabta uku za su amsa, me zai ɓuya?

Wata Lahadi muna dawowa daga coci, za mu hau 'yar gadar nan mai santsi, sai wata budurwa ta miƙo wa tsohuwa hannu. Tsohuwa ta kama ta a wuyan hannu. Na ga yatsunta sun tsaya, sannan suka fara tafiya a kan bakin rigar a hankali.

"Wa ya ba ki wannan?"

"A littafi na samu, Kaka."

"A ina?"

"A littafin Pasketa. Ai kowa yana yi yanzu."

Tsohuwa ta saki wata ƙara da ban taɓa jin irinta daga bakinta ba, har mai kwale-kwalen da ke wucewa ƙarƙashin gadar ya ɗaga kai. Ta shiga zagi da harshen garinsu, tana haɗawa da namu in ta ga ba a gane ba. Ɓarayi, 'ya'yan ɓarayi, sun ci garinmu bai ishe su ba, yanzu sun bi mu har hannun riga. Yarinyar tana ja tana cewa a sake ta, tsohuwa ta ƙi. Can sai ta juya bakin hannun, ta shafa bayan. Sai kawai ta fashe da dariya.

"Tabɗi! Wannan sheƙar ɓera ce ko ɗinki? Ƙulli nan, ƙulli nan, zare ya tsallaka kamar igiyar shanya. Je ki, 'yar nan, je ki. Fuskar kuka sata, ku riƙe ta."

Daga ranar tsohuwa ta samu abin yi. Kullum da hantsi sai ta sa in fitar mata da kujera bakin rijiya, ta zauna a rana, duk yarinyar da ta zo gaishe ta sai ta kama hannun rigarta ta juya ta yi tsaki. Abinci ma ya fara shiga. Ni kuwa haushi ya ishe ni, don takarda ta ɗauki hoton reshen, amma hanyar allurar tana nan a kan mutum ɗaya, mutumin kuma kullum ƙara tsufa yake yi. Wata rana ina taje mata kai na kasa daurewa.

"Inna, in kika tafi da shi, ribar wa?"

"Ribar uwata da ta ce in riƙe."

"Ta ce ki riƙe ne ko ta ce ki kashe?"

Na ɗauka zan sha zagi, na ma ji daɗi. Sai ta ce, "Kin gaji, matar Leka. Je ki huta, na gode." Na fita ina cizon yatsa.

Bikin Pasketa kuwa yana ta matsowa. Al'adar mutanen Sukutari ce, ranar da za a kai kayan amarya, matan dangin ango su zauna a tsakar gida, a ɗaga rigar aure a gaban kowa, uwar ango ta juya hannun rigar. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ni an yi mini. Ɗinkin garinmu na yi, mai kyau kuwa, Prenda ta juya, ta duba, ta ce "sannu da ƙoƙari", ta ajiye. Har yau in na tuna sai na ji kunnena ya yi zafi. Mrika kuwa ba ta da irin wannan kawaici. Ta riga ta faɗa a kasuwar kifi cewa in ta juya ta ga ƙulli, a bakin ƙofa za ta rataye rigar kowa ya gani, tunda yarinya ta ce ita ma 'yar Sukutari ce.

Na ce wa Pasketa ta haƙura ta zaɓi wani zanen, littafin ai cike yake da furanni. Ta ce ina, Zef ya riga ya gaya wa abokansa, in ta fasa yanzu an ce ta ji tsoro. Ta ɗinka ta warware, ta ɗinka ta warware, har lilin ya fara sirancewa a wurin, kuma ubanta ba shi da halin sayen wani. Ran nan na fito ɗiban ruwa na same ta a gindin rijiya, ido ya yi luhu-luhu, shafin nan mai huda-huda a cinyarta, gawayi har a goshi.

"Yaya Zaneta, na shiga uku. In na bi reshen sai in tsinci kaina a bakin tsuntsu, ba hanyar dawowa sai na tsallaka."

Na ajiye tulu. Na ce matsa in gani, shekara nawa ina cin abinci da allura, reshe ɗaya ba zai gagare mu mu biyu ba. Muka duƙufa. Tsohuwa tana kan kujerarta taku kaɗan daga inda muke, ta rufe ido tana shan rana, ta yi kunnen uwar shegu da mu. Mata suka fara taruwa, kowa da tata shawarar. Har Mrika ta fito da kwandon albasa ta tsaya daga gefe tana murmushin mugunta.

"Ki fara bin babban reshen har ƙarshe," in ji ni, "in mun juyo ma shiga ƙananan."

Na ji kujerar tsohuwa ta yi ƙara.

"To rumman ɗin fa?" in ji Pasketa.

"Zagaye shi ta dama, sai ki faɗa ganyen."

Tsohuwa ta yi tari. Ba tarin mura ba ne, na san tarinta.

"Ga shi mun sake maƙalewa a ƙafar tsuntsun," in ji Pasketa.

"To ɗan tsallaka zare biyu ta baya, wa zai lura?"

"Wa zai lura!"

Duk muka waiwaya. Tsohuwa ta miƙe tsaye ba sanda.

"Wa zai lura! Jakuna kawai! Ana wuce reshe a bar shi a baya? In kin zo bakin reshe ki shiga, ki kai ƙarshensa, ki dawo, sannan ki ci gaba. Tsuntsu kuma ta wutsiya ake shigarsa, ba ta ƙafa ba! Kawo nan, kawo, kafin ku kashe ni da baƙin ciki."

Ta fizge yadin daga hannun Pasketa ta koma ta zauna. Kowa ya zuba mata ido, ko guga ba a ja. Ta ɗaga yadin har yana taɓa hancinta, ta juya shi wajen rana, ta soka allura. Allurar ta fito can nesa da layin. Ta zare ta sake sokawa, ta fito a wani wurin. Na ukun a yatsanta ta shiga, jini ya ɗiga a siket ɗinta, ba ta ko ce wash ba.

A lokacin na gane abin da ya kamata in gane tuntuni. Watannin nan da take shiga ɗaki ta rufe ƙofa ta ce za ta taɓa aiki, ba aikin take yi ba. Zama take yi da yadi a cinya. Ɗinkin ya riga ya bar hannunta, saura abin da ke cikin kanta. Tausayinta ya kama ni har na manta duk haushin da nake ji, na so in rufe ta da mayafina kada matan nan su ga fuskarta.

Ta sauke hannu a hankali. Yatsunta suka faɗa a kan shafin littafin da ya zame tare da yadin, suka tsaya.

"Mene ne wannan mai ƙurji-ƙurji?"

"Takardar ce, Kaka," in ji Pasketa da 'yar murya. "Wadda na huda."

Tsohuwa ta juya takardar ta bayanta, inda hudar allura ta turo ƙananan tudu. Ta ɗora kan yatsa ta fara bi. Na ga leɓenta yana motsi. Ta hau babban reshe, ta shiga ƙarami ta fito, ta zagaye rumman, ta shiga tsuntsu ta wutsiya. Abin da idonta ya daina gani, ga shi ya dawo mata ta yatsa, kuma a jikin takardar da ta yi makonni tana tsine wa.

"Daga rigar Drane suka ɗauka," ta ce, ba da kowa take ba. "Ita ce take ƙara wa tsuntsu tsawon baki. Na yi faɗan har na gaji."

Pasketa ta fara kuka a hankali, ni ma dai ban tsira ba. Tsohuwa ta ja hanci da ƙarfi, ta goge yatsanta mai jini a siket.

"Matar Leka. Zo ki zauna nan, a ƙasa, ki jingina da gwiwata. Karɓi allurar."

Sai da wata ta tura ni daga baya sannan na matsa. Ina zama Mrika ta dire kwandonta, albasa suka tarwatse.

"Prenda! Kin yi hauka ne? A fili? Kuma ga bare? Uwarki tana kabari tana jin ki!"

"Ki bar uwata ta huta, Mrika, ta sha wahala."

"Doka ta ce 'yar da kika haifa!"

"Na haifi ɗaya, ƙasa ta karɓe. Wannan da kike gani, ita ta rufe wa Drane ido. Ita take yanke mini farce, ita take tauna mini magana in mai gidan haya ya zo. Shekara ashirin tana cire mini ƙayar kifi tana tsammanin ban sani ba. Ke kina ina? In akwai wadda za ta ce ba 'yata ba ce, ta zo ta ɗauki fo ɗina gobe da safe, sai mu yi maganar doka."

Mata suka kwashe da dariya, har da masu hawaye. Mrika ta nuna Pasketa da yatsa.

"To ita waccan fa? Ita ma haifarta kika yi?"

"Ni 'yata zan koya wa. Abin da za ta yi da shi kuma, da wannan bakin nata na mutanen Benis da ba ya rufuwa, ba ruwana. Ke ma in kin ga dama matso. Na san tun kina yarinya kike leƙen tagarmu."

Wallahi na ɗauka Mrika za ta yi tsalle ta dire. Sai ta sunkuya tana tsince albasarta ɗaya-ɗaya, tana tsinta tana matsowa, har ta ƙare a bayan kafaɗata. Ba ta tafi ba kuwa har aka tashi.

Haka muka fara. Tsohuwa ta shimfiɗa takardar a gwiwarta ta dama tana bi da yatsa, hannun hagu kuma ta sa a ƙarƙashin yadin da nake riƙe, tana jin inda bakin allura yake fitowa. Tana faɗa ina yi. Ni kuma duk abin da ta faɗa sai in maimaita da ƙarfi, wai don kada in manta, Pasketa tana gefena ido kamar zai faɗo, 'yan matan lungu sun yi mana zobe. Shiga, bar gurbi, shiga, bar gurbi. Ga bakin reshe, juya. Kin kai ƙarshe? To dawo, ki bi ramukan da kika bari, kada ki huda sabo. Na ga baƙin layi yana haɗewa a bayana kamar ba ni nake yi ba. Da muka gama ganyen farko na juya yadin, na ga ganyen nan a baya sak irin na fuska. Na yi shekara da shekaru ina ɗinki, amma ban taɓa jin daɗin da na ji a kan ɗan ganyen nan ba.

Daɗin ne ya ɗebe ni. Na fara sauri, ina ji da kaina, ina satar kallon matan da suka taru. Muka iso tsuntsu, hannuna ya bi abin da ya saba, na soka ta ƙafa.

Tas! Ta ɗauke ni da mari a bayan hannu, har allurar ta yi tsalle.

"Ta wutsiya na ce! Kunnen ƙashi gare ki? Warware! Uwar garaje kawai, kina ɗinki kina kallon mutane kamar 'yar tallan kifi. Warware mu sake!"

Bayan hannuna ya yi ja, yana zogi. Ni da na aurar da ƙanne, na yaye 'ya'ya maza uku, aka mare ni a gaban duk matan San Piyero. Na sunkuyar da kai ina warwarewa, hawaye yana ɗiga, ina ta kawar da yadin kada ya jiƙe.

Da rana ta take Leka ya dawo cin abinci, ya tarar ban ɗora komai ba, ina ta kiciniyar hura wuta. Ya buɗe baki zai yi mita sai idonsa ya faɗa kan hannuna.

"Wa ya yi miki wannan?"

"Inna ce."

"Inna? Innata? Me kika yi mata?"

"Na shiga tsuntsu ta ƙafa."

Ya tsaya yana kallona. Shi ya tashi a gidan nan yana jin wannan faɗan ta bayan rufaffiyar ƙofa, yana jin ƙarar marin da kukan ƙanwarsa Drane, don haka ba sai na ƙara masa bayani ba. Ya nemi bakin gado ya zauna, ƙaton mutum mai ƙaro a farce, ya kama hannun nawa da hannayensa biyu yana duba shatin yatsun.

Daga tsakar gida muka ji sandarta tana dukan ƙasa.

"Wai har yanzu wutar ce? Ba shi burodi da albasa ya tafi, ba zai mutu ba. Ke kuma fito, rana tana gudu, ga rumman ko rabi ba mu yi ba!"

Na zare hannuna daga nasa, na miƙa masa wuƙa da albasa, na fita da gudu.